Motoci biyu sun yi taho-mu-gama: ina kuzarin ya tafi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne daga Asawase a Kumasi, Ghana, ina shirin WASSCE, jarrabawar kammala sakandare. An ba mu lissafin motoci biyu masu nauyi ɗaya da gudu ɗaya, sun yi taho-mu-gama sun tsaya cik. Jimillar momentam sifiri ce. Mai yi mana darasin yamma ya ce kuzarin motsi ma sifiri ne ke nan. Hankalina bai kwanta ba, ga jarrabawa ta ƙarato.

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗana, abin da aka gaya maka kuskure ne. Momentam, wato nauyi sau gudu, yana da alƙibla, shi ya sa na wannan motar yake soke na waccan. Kuzarin motsi kuwa tara shi ake yi: K = p²/2m ga kowace mota, inda K ne kuzari, p momentam, m kuma nauyi. In kowace tana da kilo 1,000 tana gudun mita 20 a sakan, jul (ma'aunin kuzari) 200,000 ke nan kowace, 400,000 gaba ɗaya.

Tun 1751 masanin lissafi Samuel König ya nuna cewa kuzarin tarin abubuwa kashi biyu ne: na tafiyar cibiyar nauyinsu, da na motsin kowanne idan an auna shi daga cibiyar. Jimillar momentam kashin farko kaɗai take bayyanawa. A lissafinka cibiyar ba ta motsa ba, don haka duk 400,000 ɗin na kashi na biyu ne. Shi ne yake murɗe ƙarfe, ya zama zafi da ƙara, ya karya ƙashin mutum.

Abin da yake tayar mini da hankali shi ne wannan ruɗanin bai tsaya a aji ba. Kullum ina jin sa a bakin direbobin trotro (ƙananan motocin haya) da 'yan pragya (keke mai ƙafa uku): wai ɗan ƙarin gudu ɗan ƙarin haɗari ne kawai. Lissafin momentam suke yi ba su sani ba, alhali ɓarna kuzari take bi, shi kuwa gudu sau gudu ne. Dokar hanya ta Ghana ta 2012, L.I. 2180, ta kayyade kilomita 50 a awa a cikin gari. Wanda ya kai 70 yana ganin 20 kacal ya ƙara, amma kuzarin motarsa ya kusa ninkawa. Wanda ya kai 100 ya ninka shi huɗu, kuma birkinsa sai ya ja tazara huɗu kafin ya tsaya. A titin da yara suke tsallakawa zuwa makarantar allo! Wani ma har ya ce maka layar da ya rataya a madubi ta tsare shi. Laya ba ta rage jul ko ɗaya, kuma haƙƙin ran fasinja yana wuyan mai tuƙi.

Masu sayar da 'yan takardun haddar amsa su ma da laifinsu, suna cusa wa yara dabara ba fahimta.

A jarrabawa, fara da momentam ka samo gudun bayan karo, sannan ka lissafa kuzari kafin karo da bayansa daban. In tambaya ta ce sun manne, kada ka daidaita kuzarin biyu.