Da gaske Pillars ta taɓa fitar da Al Ahly?

Malam, ka ce kun yi musu a gidan kallo a Gusau kan ko Kano Pillars ta taɓa fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka. Ƙwarai kuwa, an yi haka a 2009, kuma a lokacin kofin na hannun Al Ahly. An tashi 1-1 a wasan farko a Najeriya, aka je Alƙahira aka yi 2-2, Pillars ta haye da dokar ƙwallon waje, wato in jimillar ƙwallaye ta zo ɗaya, wadda ta fi ci a gidan abokiyar karawarta ce ke wucewa. Ta kai har wasan kusa da na ƙarshe, inda Heartland ta Owerri ta tare ta. Ƙungiyar da aka kafa a 1990, wadda sai a 2008 ta fara ɗaukar kofin lig, ba ƙaramin abu ta yi ba.

Amma ka kiyaye harshenka in ka koma majalisar. Ka ce ta fitar da su, kada ka ce ta doke su, don canjaras aka yi gida da waje. Na ga yadda aka kunyata wani mai son Pillars a teburin mai shayi a Tudun Wada kan wannan: yana ta ihun "Sai masu gida!" har shayinsa ya huce, wani yaro mai rigar Chelsea ya zaro waya ya nuna masa sakamakon, majalisa ta kwashe da dariya. Yaran yanzu Ingila suka sani, kuma ba su yarda da labarin baka sai sun bincika.