Kombi mai mutuwa a silo: kar ka fara da kafireta

Malam, ka ce tsohuwar Volkswagen Kombi ɗinka mai gadon kwana a ciki, injin 1600 mai sanyaya da iska, tana tafiya lafiya a kan titi amma da ka ɗaga ƙafa daga totur sai ta yi kakari ta mutu. Tawa ta yi min haka wata uku. Wani bakanike ya sa na sayi sabuwar kafireta, aka ɗaura, ba abin da ya sauya. Kuɗina dai suka tafi.

Ashe iska take sha ta inda bai kamata ba. Bututun da ke kai mai da iska daga kafireta zuwa kan injin yana da robobi biyu, hagu da dama. Zafi da shekaru kan tsattsaga su, galibi ta ƙasa inda ido ba ya gani. A guje ba za ka ji komai ba, domin man da ke shiga yana da yawa. A silo kuwa, wato lokacin da injin ke aiki ba a taka totur ba, ɗan mai ne ƙalilan, iskar ta rinjaye shi. Tayar da injin, ka fesa ruwan wanke kafireta kaɗan kaɗan a kan robobin da gindin kafireta. Inda ƙarar injin ta sauya, nan ɓarakar take. Ka yi hankali, abin yana kama wuta.

Idan kafiretarka Solex 34 PICT-3 ce, akwai wani ɗan bawul mai waya ɗaya a jikinta, wanda ke buɗe wa silo hanyar mai. Murɗa makulli ba tare da ka tayar ba, ka cire wayar ka mayar. Ya kamata ka ji ƙas. In shiru, duba wayar kafin ka zargi bawul ɗin. Tawa ta taɓa zamewa kawai.

Sai bawul na injin, tazararsu 0.15 mm, kuma da sanyin injin ake aunawa, gara da sassafe. Kwantak na cikin distributa, tazararsa 0.4 mm, sannan a daidaita taimin, wato lokacin da fulogi ke ba da wuta.

Bayan duk wannan ne za ka taɓa sukurorin kafireta, injin da zafinsa, cok a buɗe, ka ajiye silo tsakanin juyi 800 da 900 a minti ɗaya. Ni da na sauya robobin nan, rabin juyi kawai na yi wa babban sukuron ta zauna. Tsohuwar kafiretar ma ita na mayar, sabuwar tana nan cikin kwali a gareji.