Tambaya da Amsa: Gaɓar rafi tana ruftawa a bayan gidajenmu

Tambaya: Assalamu alaikum. Unguwarmu tana bakin wani rafi da ke zuba cikin Kogin Kaduna. Shekarun baya matasa suka share ciyawa da bishiyoyin gaɓar saboda macizai da sauro. Yanzu kowace damina sai gaɓar ta zabtare, har ta kusa katangar wasu. Kankare za mu zuba ko yaya? Daga mai karatu a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, sharar nan ce ta jawo. Saiwa ce ke riƙe da ƙasar gaɓa, kuma idan aka sare bishiya saiwarta ba ta ruɓewa nan take, shi ya sa ɓarnar ta jinkirta. Sauro kuwa a kwantaccen ruwa yake ƙyanƙyasa, cikin kwata da tsofaffin tayoyi. Kankare yana da tsada, kuma ruwa kan rarake ƙarƙashinsa ya kifar da shi.

Ku fara kwantar da gaɓar. Duk tsayin mita 1 a ba shi gangaren mita 2, don shuka ba ta kama gaɓar da ke tsaye kamar bango. Sai ku nemo jema, ciyawar fadama mai saiwa mai zurfi. A tono gindinta, a rarraba shi sili 2 ko 3, a datse ganyen ya rage santimita 20, saiwar kuma santimita 10. A dasa a jere, layin ya gitta gangaren, tazarar santimita 10 zuwa 15. Nan ne mutane ke kuskure: suna buɗa tazarar don irin ya isa, sai ruwa ya samu kafa ya haƙa kwari a tsakani. Layin farko a ƙasa kusa da ruwa, sannan wani layin duk bayan hawan mita 1. A yi dashen a watan Yuni domin saiwa ta kama kafin cikar Agusta da Satumba, a riƙa ban ruwa makonni 2 na farko idan sama ta ɗauke.

Bishiyoyi su biyo baya. Giyayya da bagaruwa suna jure ambaliya, su za a sa ƙasa-ƙasa. Malmo, ɓaure da maɗaci a saman gaɓa, mita 3 daga baki, mita 6 tsakaninsu, nesa da katanga da masai. Rami santimita 50 zurfi da faɗi, a cakuɗa ƙasar sama da ruɓaɓɓen taki, a yage ledar da aka raini dashen a ciki, a kewaye da ƙaya saboda awaki. Kada ku kuskura ku dasa kachala, doguwar ciyawar nan ta cikin ruwa. Mutanen Haɗeja da Nguru sun san yadda ta toshe musu hanyoyin ruwa.

Duk wannan aikin zai tafi a banza idan ana ɗiban yashi a gindin gaɓar, don haka ku sa mai unguwa cikin maganar. Bakin kowace kwata a jibga masa duwatsu. Idan katanga ta riga ta tsage, a kira injiniya da ma'aikatar muhalli kafin a taɓa komai.

Tambaya: Darbejiyar ƙofar gidana tana bushewa tun da na dafe tsakar wurin da siminti. Za ta farfaɗo? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Hajiya, yawancin saiwoyin da ke shan ruwa da iska suna cikin santimita 60 na saman ƙasa, siminti ya toshe su. A fasa shi aƙalla mita 1 kewaye da gindin, a hankali, kada a sari saiwa. A zuba busasshen ganye ba tare da ya taɓa jikin bishiyar ba, a ba ta bokiti 4 duk mako a rani. A kankare ɓawon reshe da farce: idan cikinsa kore ne, tana da rai. Busassun rassa a yanke su da zarto kafin iskar farkon damina.