Ƙayyade yawan baƙi ba rowa ba ce

Ɗan'uwa, ka tambaya ko rage masu yawon buɗe ido ba zai toshe wa 'yan asalin wuri hanyar abinci ba. Ni a ganina ba zai toshe ba, muddin su ke riƙe da ƙofar. Dubi ƙabilar Havasupai a jihar Arizona ta Amurka: ba mai shiga ƙasarsu sai da izinin da ya nema tun da wuri, kuma ba a zuwa a juyo a yini ɗaya, sai an kwana. A 2020 suka rufe ƙofa ruf, sai Fabrairun 2023 suka buɗe.

Abin da ke ci mini rai shi ne baƙo ya leƙa ɗakin tsohuwa da kyamara ba sallama, kuɗinsa kuma ya tafi aljihun kamfanin da ya kawo shi.