Me ake nema a cikin ƙwayar cutar maleriya?

Tambaya: Likita, na ji an ce masana suna yanka ƙwayoyin gadon cutar maleriya suna sauya su. To amfanin me hakan zai yi, tunda sauro ne ke kawo ta?
— Wata ɗaliba mai koyon aikin jinya

Amsa: 'Yata, sauro ɗan aike ne. Mai ɓarnar ita ce ƙwayar cutar da ake kira Plasmodium falciparum, kuma tun 2002 aka karance rubutun gadonta: kuromosom 14, wato dogayen zaren da rubutun ke ciki, ɗauke da ƙwayoyin gado sama da 5,000. Amma karance su bai nuna aikin kowacce ba. Shi ya sa ake cire guda, ko a sauya ta, a ga abin da zai lalace.

Almakashin da aka fi aiki da shi yanzu shi ne CRISPR-Cas9, wanda aka fara gwadawa a kanta a 2014. Ƙwayar cutar tana da wata kasawa mai amfani ga masu bincike: idan aka yanke mata kuromosom a tsakiya, ba ta iya liƙe shi kai tsaye yadda jikinmu ke yi, sai ta sami abin kwafa. Sai a miƙa mata rubutun da ake so, ta kwafe da kanta. Wahalar ita ce kusan kashi 80 cikin 100 na rubutunta haruffa biyu ne, A da T, shi kuwa almakashin harafin G yake nema kafin ya yanka, don haka samun wurin yanka kan yi wuya.

Ni dai bakin kuromosom ɗin ya fi ba ni mamaki. A can ne mafi yawan ƙwayoyin gadon da ake kira var suke, wajen 60. Su ne ke samar da rigar da ƙwayar cutar ke sa wa ƙwayar jinin da ta shiga. Guda ɗaya take kunnawa a lokaci ɗaya, sauran a kulle. Da garkuwar jiki ta gane wannan rigar, sai ta sauya wata. Da aka rage mata furotin HP1, mai riƙe kwaɗon, sai var da dama suka kunnu tare, ƙwayoyin cutar masu yawa kuma suka rikiɗe zuwa irin da sauro ke ɗauka.

Ga wanda zai shafi aikinki. A 2015 an sauya ƙwayar gadon kelch13, da ke kan kuromosom na 13, aka tabbatar sauyin ne ke sa cutar jure wa maganin maleriya na atimisinin. Yau ita ake dubawa a jinin marasa lafiya idan ana zargin maganin ya fara rage ƙarfi.