Baba ya daina kula da hagu: mu sayi na'urar lantarki ta kai?

Tambaya daga wata mai karatu a Zariya: Wata biyu ke nan da Babanmu ya samu shanyewar ɓarin jiki na hagu. Yanzu tuwon gefen dama na kwano kaɗai yake ci, sai ya ce an yi masa rowa. In yana alwala, rabin fuska yake wankewa. Likitan ido ya ce idonsa garau. Yayanmu ya ga na'urar tDCS a intanet, wai tana tayar da ƙwaƙwalwa. Mu saya?

Allah Ya ba Baba lafiya, Malama. Kada ku saya.

Abin da kika kwatanta lalurar kulawa ce, ba ta ido ba. Mu kira ta mantuwar ɓari. Ta fi zuwa idan bugun jini ya taɓa ɓarin dama na ƙwaƙwalwa, musamman sashen da ke sama da kunne ta wajen baya. Ɓarin nan biyu tamkar mutum biyu ne masu jan igiya: na dama ya yi rauni, sai na hagu ya fizge hankalin gaba ɗaya zuwa dama. Abin da ya fi wahalar da iyali shi ne mara lafiyar bai san yana da matsala ba, don haka faɗa da "Baba, duba hagu mana" ba sa daɗe suna aiki.

Dabarar tDCS ita ce a daidaita jan igiyar. Ana ɗaura soso biyu a kai, kowanne kamar santimita 5 da 7, a jiƙa su da ruwan gishiri irin na asibiti, a saki lantarki miliamfiya 1 zuwa 2 na kimanin minti 20. Soson da ke zaburarwa yana zama a dama, inda aka samu rauni, mai kwantarwa kuma a hagu. Ana auna wuraren da tef, wurare biyu ne a kai da likitoci ke kira P4 da P3.

A nan aikin gida ke lalacewa. Da yawa daga cikin na'urorin kasuwa don goshi aka ƙera su, ba sa ma kaiwa wurin da ake nema. In kuma an juya wayoyin, an ƙara wa ɓarin da ya riga ya fi ƙarfi ƙarfi ke nan. Soso in ya bushe, ko aka jiƙa shi da ruwan famfo, ko ƙarfe ya taɓa fata, yana ƙuna. Ki tuna ɗaya soson a hagun kai yake, wato daidai gefen da Baba ba zai ce miki yana jin zafi ba. Ko a asibiti ma, ana haɗa lantarkin ne da atisaye a zama ɗaya. Kuɗin nan ku kai shi sashen fisiyo, a auna Baba a tsara masa horo.

Tambaya daga wani mai karatu a Maraɗi: Mun kai mahaifiyarmu, mai irin wannan lalura, wani asibiti a ƙasar waje, sun ce a ƙara kuɗi a yi mata TMS na mako biyu. Ya cancanta?

Malam, wannan ya fi na farko tushe, amma da sharaɗi. TMS maganaɗisu ne: ana ɗora wani nadin waya mai siffar lamba 8 a kai, yana bugawa ƙas-ƙas. Anthony Barker ya fara nuna TMS a Sheffield ta Ingila a 1985. A wannan lalura ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa mai lafiya ake bugawa don a rage masa zaƙewa, ko dai bugu ɗaya a daƙiƙa na tsawon mintoci, ko kuma salon cTBS, bugu 600 cikin daƙiƙa 40. A 2012 tawagar Giacomo Koch a birnin Rum da wata tawaga a Switzerland sun ba da rahoton sauƙin da ya ɗore makonni bayan cTBS. Sai dai mutanen da aka gwada kaɗan ne. Nazarin 2021 na Cochrane, ƙungiyar da ke tace binciken lafiya, wanda ya tattara gwaje-gwaje 65 kan hanyoyin da ba na ƙwaya ba, ya ce hujjar duka hanyoyin tana da rauni ƙwarai. Amincewar da hukumar magunguna ta Amurka ta yi wa TMS a 2008 kuwa ta ciwon damuwa ce, kada a nuna maka ita a matsayin shaida.

Kafin ka biya, ka tambaya: wane ɓari za a buga? Za a fara auna ƙarfin da ke motsa yatsar Hajiya, a saita na'urar da shi? Wane atisaye ne zai biyo bayan kowane zama? Da me za a auna sauƙi? Gwajin takarda, irin raba layi biyu, soke taurari ko zana agogo, bai isa ba. Ka nemi ma'aunin Catherine Bergego, mai duba abubuwa 10 kamar sa tufafi, cin abinci da karo da ƙofa, maki 0 zuwa 30. A ɗauki makin kafin a fara da bayan an gama. Wannan na da muhimmanci, domin a watanni uku na farko mutane da yawa kan samu sauƙi da kansu, a ce na'ura ce ta yi.

Ka gaya musu in tana da farfaɗiya, ƙarfe a kai, na'urar bugun zuciya, na'urar ji da aka dasa, ko an cire mata wani sashe na ƙoƙon kai. Babban haɗarin shi ne farfaɗiya, ko da yake ba kasafai take faruwa ba. Ciwon kai na ɗan lokaci ya fi yawa, kuma dole a toshe mata kunne.

Ku biyun duka, akwai abin da ya fi araha. Tabarau mai karkatar da gani digiri 10 zuwa dama, wanda Yves Rossetti da abokan aikinsa suka gwada a Lyon ta Faransa a 1998: mutum ya sa shi ya nuna wata alama da yatsa kamar sau 50, in an cire sai hannu da hankali su karkata hagu. Ba tabarau ne na yawo ba, a gaban mai horarwa ake sa shi. A gida kuwa, ku manna jan tef a bakin hagu na faranti da na shafi, ku koya masa neman jan kafin ya fara. A boko farkon layi yake ɓacewa, a Alƙur'ani kuwa ƙarshen layi, don haka can sai ya kai jan kafin ya sauka layi na gaba. Masu gaisuwa su zauna ta hagunsa, amma ruwan sha da wayar kira a bar su a dama. Kada a bar shi ya tsallaka titi shi kaɗai, tuƙi kuma a jingine shi sai likita ya sake auna shi.