Mario da Sonic a katun ɗin Hausa: me doka ta ce, kuma wace hanya ta rage?

Wasiƙar wannan makon ta fito daga wani matashi mai zane a Zariya. Na ɗan rage mata tsawo:

"Assalamu alaikum Barista. Ni da abokaina uku mun kusa shekara biyu muna aikin wani katun mai dogon zango. Labarin shi ne Mario da Sonic da Mega Man da Pac-Man da Ryu sun faɗo gari ɗaya bayan wata na'ura ta lalace, dole suka zauna gida guda suna neman hanyar komawa duniyoyinsu. Da hannunmu muka zana komai, ba mu kwafi hoton kowa ba, kuma da Hausa suke magana. Mun gama kashi uku. Muna so mu ɗora a YouTube, mu buɗe asusun da masoya za su riƙa tallafa mana, daga baya mu kai wa wata tashar talabijin. Wani ya ce mana in dai mun rubuta 'ba namu ba ne, na masu shi ne' a farkon kowane kashi, shi ke nan. Gaskiya ne? Kuma in muka aika wa Nintendo, za su iya sace mana labarin?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Na kalli guntun da ka turo har sau biyu, musamman wurin da Pac-Man ya shanye tukunyar kunu shi kaɗai, Ryu na zaune bakin tabarma ya zuba tagumi da ludayi a hannu. Kuna da hannu, kuna da kunnen labari, kuma shi ya sa ba zan ɓoye maka komai ba.

Wannan rubutun da aka ce ku sa a farkon kashi ba ya kare ku ko kaɗan. Mutumin da ya ɗauki babur ɗin maƙwabcinsa yana acaɓa da shi, ya manna takarda a tanki cewa babur ɗin na wane ne, bai samu izini ba don ya rubuta hakan. Hasali ma ya ba da shaida a kan kansa cewa ya san ba nasa ba ne. Haka kotu za ta kalli rubutunku.

Jarumanku biyar na kamfanonin wasannin bidiyo huɗu ne, dukkansu na Japan. Mario na Nintendo ne, ya fara fitowa a wasan Donkey Kong a 1981. Sonic na Sega ne tun 1991. Pac-Man ya fito a 1980, yanzu yana hannun Bandai Namco. Mega Man da Ryu kuwa na Capcom ne, dukkansu 'yan 1987. Za ka iya cewa to ina ruwan dokar Japan da mai zane a Zariya. Ruwanta shi ne Yarjejeniyar Berne, wadda Najeriya ta shiga a 1993, Japan kuma ta daɗe a ciki. Ƙasashen da suka sa hannu sun amince kowace za ta kare aikin 'yan sauran ƙasashen kamar yadda take kare na 'yan ƙasarta, ba sai an yi rajista ba. Don haka Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka rattaba wa hannu a watan Maris na 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1988, tana kare Mario a Najeriya kamar yadda take kare littafin marubuciyar da ke Kano.

Maganar cewa da hannunku kuka zana ita ce inda masu zane da yawa suke ruɗewa. Doka ba ta tsaya ga kwafin hoto da na'ura ba. Mai haƙƙi shi kaɗai ke da ikon sake fitar da aikinsa ta kowace siga, ya juya shi daga wasa zuwa fim, ya fassara shi zuwa wani harshe, ya yaɗa shi ga jama'a. Gajeren mutum mai gashin baki da jar hula mai harafin M, ko kai ka zana shi da fensir a tsakar gidanku, Mario ne. Sa masa Hausa a baki kuma wani haƙƙin ne daban kuka taɓa. Ga kiɗan, wanda na ji kun sa a farkon guntun: shi ma aiki ne mai zaman kansa da nasa haƙƙin. Sunayen jaruman da tamburansu alamun kasuwanci ne, ranar da kuka buga su a riga ko jakar makaranta kun shiga wata rigimar.

Na san abin da ke ranka, domin kowa ke faɗa mini shi: ai kowa na yi. Ga bangon makarantun nazare cike da zanen katun na ƙasashen waje, ga jakunkuna a kasuwa, ga dubban bidiyon masoya a intanet. Haka ne. Amma wanda mai gona bai kama ba, ba ya nufin an ba shi gonar. Kamfanonin suna zaɓar wanda za su bi, kuma halinsu ya bambanta. Sega an san ta da sassauci ga masoya, har ta ɗauki wasu daga cikin masu yi wa Sonic wasanni don sha'awa suka yi mata Sonic Mania a 2017. Nintendo ba haka take ba. A 2016 wani ɗan Ajantina ya saki wasan AM2R, wanda ya shafe kusan shekara goma yana sake gina wani tsohon wasan Metroid, kyauta ya ba da shi bai karɓi ko sisi ba, cikin 'yan kwanaki takardar Nintendo ta sa aka sauke shi. Ku kuwa kun tara kamfanoni huɗu a gida ɗaya, ɗaya kawai ya ƙi, aikin ya tsaya.

A zahiri ba na tsammanin gobe lauyoyi za su taso daga Kyoto, inda hedikwatar Nintendo take, su shigar da ku ƙara a Babbar Kotun Tarayya, wadda ita ce ke sauraron shari'ar haƙƙin mallaka a ƙasar nan. Ba sa buƙatar wannan wahalar. Takarda ɗaya za su aika wa YouTube a ƙarƙashin dokar Amurka ta 1998, a sauke bidiyon, a yi wa tasharku gargaɗi. Gargaɗi uku cikin kwana 90, an rufe tashar da duk abin da ke cikinta. Na taɓa zama da wani matashi a ofishina yana ta latsa wayarsa yana nuna mini shafin da babu komai a kai, aikin shekaru da mabiyan da ya tara sun tafi a dare ɗaya, kuma babu abin da zan iya yi masa domin mai ƙorafin ne ke da gaskiya. Ba na so in sake ganin irin wannan fuskar.

Abin da ya fi damuna a shirinku shi ne asusun tallafi da maganar talabijin. Kuɗi ne ke juya aikin sha'awa ya koma kasuwanci a idon mai haƙƙi. Wasu masoya shirin talabijin na Star Trek a Amurka sun tara sama da dala miliyan 1 daga jama'a don yin fim ɗinsu mai suna Axanar. A ƙarshen 2015 CBS da Paramount, masu haƙƙin Star Trek, suka maka su a kotu, aka sasanta a farkon 2017 bisa sharaɗin da ya rage aikin zuwa gajerun finafinai biyu. Tashar talabijin kuma, duk wadda ta san aikinta, za ta nemi takardun da ke nuna kuna da haƙƙin kowane jarumi da kowane kiɗa, sannan ta sa muku sharaɗi cewa in an kai ta ƙara ku za ku biya diyya. Takardar hukumar tace finafinai ba ta maye gurbin wannan, tace fim daban, mallakarsa daban. Idan abu ya kai kotu, mai haƙƙi na iya neman a dakatar da ku, a biya shi diyya, ko ku miƙa ribar da kuka samu.

Akwai ƙofa ɗaya da sabuwar dokar ta buɗe, kuma na san wani zai nuna muku ita. Sashe na 20 ya halatta amfani da aikin wani bisa adalci don suka, ko sharhi, ko kwaikwayon barkwanci da shaguɓe. Alƙali zai duba manufar aikin, da yawan abin da aka ɗauka, da illar da zai yi wa kasuwar mai haƙƙi. Gajeren bidiyo da ke yi wa Mario shaguɓe kan cewa shekara arba'in yana ceton gimbiya ɗaya zai iya fakewa a nan. Shiri mai zango-zango da ya ɗauki jaruman yadda suke ya ba su sabon labari, da wuya. Kuma wannan kariya ce da ake kawowa bayan an riga an shiga rigima, ba izini ba ne da ake riƙewa tun farko.

Irin shirin da kuke mafarki an taɓa yin sa. A 1989 tashar NBC ta Amurka ta fara nuna Captain N, katun da ya haɗa Mega Man na Capcom da Simon Belmont na Konami da jaruman Nintendo. A 2012 Disney ta sa Sonic da Bowser da wasu a fim ɗin Wreck-It Ralph. Duka da lasisi aka yi, kamfani bayan kamfani. Ita kanta Nintendo sai da ta nemi yardar Disney kafin ta sa Sora, jarumin da Disney ta mallaka, a wasanta na Super Smash Bros. Ultimate a 2021. Neman lasisi hanya ce a buɗe a takarda, amma ba zan yaudare ka ba: samari huɗu da ba su da kamfani ba za su samu sa hannun waɗannan huɗun ba, balle yanzu da fim ɗin Mario na 2023 ya kawo sama da dala biliyan 1.3, kowa ya ga darajar abin da ke hannunsa.

Tambayarka ta biyu: kada ku aika. Manyan kamfanonin wasanni ba sa karɓar shawarar labarin da ba su nema ba, kuma aikawar kamar kai ƙarar kanku ne. Sannan doka ba ta kare tunani tsurarsa, sai yadda aka zuba shi a rubuce ko a zane. A Amurka wani marubuci ya taɓa rubuta labarin ci gaban fim ɗin Rocky ba da izini ba, daga baya ya yi ƙarar cewa an ɗauki aikinsa, kotu a 1989 ta ce ba shi da haƙƙi a kan abin da ya gina da jaruman wani. Dokarmu ta fi sauƙi a nan, domin ba ta hana aiki samun kariya don kawai an taɓa haƙƙin wani wajen yin sa. Amma me za ka yi da labarin da ba ka da ikon nunawa?

Wannan ƙa'idar ta cewa doka ba ta kare tunani tsurarsa, da ta hana ku kariya a can, ita ce kuma ta buɗe muku hanya. Tunanin jaruman wasanni daban-daban su haɗu a gari ɗaya ba na kowa ba ne. Mai gudu kamar iska, da acici, da ɗan dambe mai yawon neman abokin karawa, da yaron ƙarfe, duk siffofi ne da kowa ke da ikon ɗauka. Ka lura, a fim ɗin Disney da na ambata, baƙin jaruman leƙowa kawai suka yi, waɗanda suka ɗauki labarin Disney ce ta ƙirƙire su da wasanninsu. Ku ma ku ƙirƙiri wasanni biyar da ba a taɓa yi ba, ku fito da jarumi daga kowanne. Sai dai a yi canji na gaske. Canja wa Sonic launi zuwa kore a kira shi da wani suna ba zai wadatar ba. Gwajin da nake ba masu zane shi ne: ka nuna hoton ga yaron da ke wuni a shagon gem, in ya ambaci sunan jarumin asali kafin ka buɗe baki, koma ka sake zane. Barkwancin tukunyar kunun nan naku ne, ba ya buƙatar Pac-Man.

In kuwa haɗakar jarumai na ainihi kuke so, ku dubi kusa. Akwai kamfanonin wasanni a nahiyar nan da za a iya zama da su a yi magana: Maliyo Games a Legas, Leti Arts a Ghana, Kiro'o Games a Kamaru da suka yi wasan Aurion a 2016. Ban ce za su yarda ba, amma wasiƙarku za ta iya kaiwa ga mai yanke shawara. In an kai ga yarjejeniya, a rubuta ƙasashen da za a nuna shirin, da harshe, da tsawon shekaru, da rabon kuɗi, da wanda zai amince da zane kafin a fitar, da wanda ya mallaki sababbin jaruman da za a ƙirƙira a hanya. Gizo da Ƙoƙi ma suna nan. Dokar ta sa tatsuniyoyi da sauran kayan gargajiya ƙarƙashin kulawar Hukumar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya, amma ta bar damar aro daga cikinsu don ƙirƙirar sabon aiki, muddin ba a wuce gona da iri ba.

Akwai abin da ba ka tambaya ba, kuma shi na fi gani yana raba abokai. Ku huɗu ne, wa ya mallaki me? Wanda ya rubuta labari, da wanda ya zana, da mai kiɗa, da waɗanda suka ari baki suka yi muryoyi, kowa na da abin da zai iya cewa nasa ne. Miƙa haƙƙin mallaka sai a rubuce doka ke karɓa, "ai mun yi magana" ba ya aiki. Ku zauna yanzu da babu ko kwabo a tsakani, ku rubuta kason kowa da abin da zai faru in ɗaya ya fita. In hali ya yi ku yi rajistar kamfani a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ku mallaka masa aikin. Sababbin jarumanku suna samun kariya daga ranar da kuka zana su, amma yin rajistarsu a Hukumar Haƙƙin Mallaka zai ba ku shaida mai kwanan wata ranar da wani ya ce shi ya riga ku.

Kashi ukun da kuka gama kada ku goge, kada kuma ku ɗora. Ku ajiye su, ku cire kiɗan, ku riƙe rubutun labarin da bangon garin da kuka zana, waɗannan duk za su koma cikin sabon aikin. Idan zanen jarumai biyar ɗin ya kammala, ka kai wa lauya mai aikin haƙƙin mallaka tare da daftarin yarjejeniyarku ya duba kafin kashi na farko ya fita, ko ka sake turo mini ta wannan shafin.